Awon Hannun Mudi

Duk macen da ta zo tana gaya min wai za ta yi wa mijinta kyautar ba-zata, sai in ce mata ta sha ruwa ta kwanta. Ni na yi, kuma aurena na shekara goma sha huɗu na ɗora a kai ban sani ba.

Sunana Rakiyatu. Masa nake soyawa a ƙofar gidanmu a New Bell, layin bayan masallaci. Mijina kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa biki a unguwannin Hausawan Duwala ya san shi, Mudi mai jita. Shekara ashirin yana kiɗa, har ranar da wani ɗan bensikin, irin masu baburan hayan nan da ba su san birki ba, ya kwashe shi ya zuba a gindin mota a hanyar Deido. Allah ya bar masa ransa, amma hannun hagu ya dawo gida da yatsu uku. Ƙaramin da na kusa da shi a asibiti aka baro su.

Shekara ɗaya da rabi yana zaune. Jitar tana saman durowa har ta yi hunhuna. Mutumin da a da dariyarsa ke tashin maƙwabta ya koma masifaffe: gishiri ya ji, faɗa, bai ji ba, faɗa. In rediyo ta sako kiɗa sai ya tashi ya kashe. Ni ma na san ba kanwar lasa ba ce, in ya faɗi ɗaya ina mayar da biyu, amma wallahi tausayinsa nake ji har cikin ƙashina.

Ga kuma yayarsa, Yaya Nana Hadiza, wadda zawarci ya dawo da ita gidan, ɗakinta na kallon namu. Tun ranar da aka kawo ni ta kafa min ƙahon zuƙa. Da hatsarin nan ya faru, ko kwana uku ba a yi ba ta fara gaya wa masu zuwa dubiya cewa wasu matan farar ƙafa gare su. Ina jin ta ina wanke masa ciwo, na yi kunnen uwar shegu da ita.

Wata rana na leƙo ta taga na gan shi zaune shi kaɗai, yatsun nan uku suna tafiya a kan cinyarsa, suna dannawa suna ɗagawa. Bai san ina kallo ba. A nan na ce jita ta fi ƙarfinsa, to, amma ba ita kaɗai ce mai tsirkiya a duniya ba. Na yi ta tambaya a wajen masu sayen masa, har wani mahauci ya kwatanta min wani tsoho a unguwar Bepanda, Baba Ɓoɓɓo, Bafulatanin Garwa, mai haɗa kayan kiɗa irin na da.

Na same shi a wani shago mai rufin kwano da ke yoyo, yana kankare ƙwarya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce abin kiɗa nake so.

"Wa zai kaɗa?"

"Maigidana."

"Shi ba shi da ƙafa ne?"

"Ƙafa yana da ita, Baba. Yatsu ne babu."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Na ba shi labari, ya saurara yana taɓe baki kamar ni na tuƙa babur ɗin. Kayan suna rataye a bango, na fara nunawa. Na nuna goge, ya ce goge yatsu huɗu yake ci, in ban iya lissafi ba in koma makaranta. Na nuna garaya, ya ce in kai masa, jibi a ce an fara bori a gidanmu. Na nuna wani dogo mai ƙorai uku a jere, ya ce na mutanen kudu ne, wani ya kawo gyara, kuma in daina taɓa masa kaya. Sai ya miƙo min wani ɗan ƙarami mai tsirkiya ɗaya, wai kuntigi. Na juya shi, na ga gwangwanin kifi ne aka ja wa fata.

Na ce, "Haba Baba. Mutum ya shekara ashirin yana riƙe da jita, in kai masa gwangwani?"

"To ki kai masa fiyano."

Na so in fita, wallahi har na gyara mayafi. Sai na hango wani a can ƙurya, 'yar ƙwarya madaidaiciya, da wata fata mai zane-zane, da sanda siririya, tsirkiya biyu. Na tambaya, ya ce gurmi ne, fatar kuma ta damo ce, kuma duk Duwala babu mai kaɗa shi tun da mai wannan ya rasu. Ya sauko da shi ya ɗan taɓa. Sautin ƙasa-ƙasa ne, kamar mutum yana magana a ɗaki na kusa. Na duba hannunsa da kyau, yatsa biyu kawai yake dannawa da su. Na ce shi nake so.

Ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Sabo zan haɗa, kuma ni ba na yanka sanda sai da awon mai shi. Takalmi ma ana aunawa, balle mai yatsu uku. Ki kawo shi."

"Ba zai zo ba. Ko sunan kiɗa ba ya son ji."

Ya yi tsaki, ya jawo farin zare ya tsinka da haƙori. Ya ce in auna daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, in ƙulla. Daga babban yatsa zuwa manuni in an buɗe su, in sake ƙullawa. In na kuskure ko da faɗin farce ne, matsalata ce.

Yanzu a nan ne nake jin haushin kaina. A gidan Hausawa aka haife ni, a ciki na girma. Na san ba a auna mutum yana kwance sai gawa, wadda ake gwadawa da kara a kai wa masu haƙa kabari. Na san zare mai ƙulli-ƙulli kayan wa ne. Yarinya 'yar shekara bakwai ta san wannan. Amma murna ta rufe min ido, ban kawo komai a raina ba.

Washegari bayan azahar ana ruwa, ya kwanta a tabarma a falo, barci ya kwashe shi, hannun hagun a miƙe. Na durƙusa a hankali, na ɗora zaren a gwiwar hannunsa na ja shi zuwa yatsa, na ƙulla. Na buɗe yatsun biyu a hankali, na auna. Kuma duk wannan bakina yana motsi, don ina maimaita abin da tsohon ya ce kar in manta. Ina cikin ƙulli na biyu na ji salati a bayana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mudi, tashi, ana auna ka."

Yaya Nana ce a bakin ƙofa, hannu a ka. Abin nema ya samu. Shekara goma sha huɗu tana nemana da laifi, yau ga ni a durƙushe a kan ƙaninta da zare mai ƙulli biyu ina motsa baki. Ya farka, ya dubi zaren, ya dubi hannunsa, ya dube ni. Ya janye hannun ya ɓoye a hammata.

Kar wani ya ce me ya hana ni yin bayani. Na yi, a take na yi. Na faɗi Bepanda, na faɗi Baba Ɓoɓɓo, na faɗi gurmi.

Mudi ya fito da hannun ya ɗaga min shi a fuska. "Gurmi. Da wannan? Ko ƙarya za ki yi, Rakiya, ki nemi mai kyau."

"Baban Sharifa, ka ji ni mana."

Yaya Nana ta ce, "Ya ji ki. An ci yatsu biyu ba su isa ba, yanzu sauran jikin ake so. Ba ni zaren nan a kai wa malam ya warware."

Ta miƙo hannu, na ƙulle zaren a haɓar zanina na ce sai dai ta yanke ni. In ta warware shi ina zan sake samun awo? Wa zai sake barci a gabana? To wannan hanawar ita ta ƙarasa ni. Ta fita tsakar gida tana kiran maƙwabta su zo su gani da idonsu, ni kuma na ratsa su na fita cikin ruwa na tare bensikin zuwa Bepanda.

Na isa a jiƙe sharkaf, na miƙa wa tsohon zaren, na roƙe shi don girman Allah ya biyo ni New Bell ya faɗa musu da bakinsa. Ya shimfiɗa zaren a kan benci yana dubawa.

"Ni kiɗa nake haɗawa, ba aure ba."

"Kai ka ba ni zaren nan, Baba."

"Na ce ki auna. Na ce ki auna shi yana barci?"

Gaskiya ya faɗa, kuma babu abin da ya fi gaskiya haushi a bakin mutumin da ba ka so. Na tambaye shi yaushe zai gama. Ya ce sai fata ta bushe. Na ce yaushe za ta bushe. Ya nuna sama da wuƙarsa ya ce in tambayi can. Watan Agusta ne, kuma wanda ya san Duwala ya san a watan nan ko wanki sai ya kwana huɗu a igiya yana wari.

Da na koma gida na dafa tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin kasuwar Yupwe mai kyau da na saya tun safe. Na ajiye masa. Ya sa ƙafa ya ture kwanon gefe. Can sai ga Yaya Nana da nata kwanon, ta ajiye a gabansa, ya wanke hannu ya ci a kan idona. Ni da na shekara ɗaya da rabi ina yanka masa nama ƙanana don ya iya ɗauka. Na ɗauke kwanona na juye wa kajin maƙwabta, na shiga madafa na yi kuka, kukan baƙin ciki da haushi, ba na nadama ba.

Haka muka yi kwana goma sha ɗaya. Kullum ina dafawa, don ba zan bari a ce na daina ba, kullum yana turewa. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, yana sa sakata ko da rana. Yayarsa ta kawo rubutu yana sha, ta cika gidan da hayaƙin turaren tsari har idona yana ruwa. Labari ya zaga New Bell. Matan da suka shekara goma suna cin masata suka koma wajen wata a bakin kasuwa, wadda masarta ko kare ba zai ci ba. In na wuce sai in ji ana cewa ga mai zare nan. Allah ya taimake ni 'yarmu Sharifa tana hutu a Garwa wajen mahaifiyata, ba ta ga wannan abin kunya ba.

A rana ta biyar ya yi min magana, ita ce ta farko, kuma bango yake kallo.

"Juma'a ta sama Kawu Abdulsalami zai zo. Ki fara haɗa kayanki."

Kawu Abdulsalami ƙanin mahaifinsu ne, shi ne babba a dangin, kuma ba ya tasowa daga gidansa sai ɗaurin aure ko rabuwa. Na ce masa, "Allah ya kai mu." Me zan ce?

Kullum in na sauke kaskon masa sai Bepanda. Fatar tana nan an ja ta a bakin ƙwarya da ƙananan ƙusoshi, an rataye a ƙarƙashin rufi. In danna ta da yatsa, ta lotsa. Na ce ya ba ni in kai ta kusa da murhuna, rabin yini ta bushe. Ya ce fatar da wuta ta busar rana ɗaya take daɗi, ta uku ta tsage, kuma shi sunansa ba zai tsage a New Bell don aurena ba. Na ce masa ba shi da imani. Ya ce an sha gaya masa. Na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ya ce amin, in matsa daga hasken ƙofa.

Ranar Laraba da Alhamis Allah ya buɗe rana, ba mai yawa ba, amma ta fito. Ranar Juma'a tun da safe ina shagon. Ya ƙwanƙwasa fatar da farce ta yi ƙara. Ya ɗaura tsirkiya biyu yana ja yana saurare, yana ja yana saurare, ni kuma ina tsaye kamar in fizge. Sai da aka fara kiran farko na sallar Juma'a ya naɗe shi a tsohon buhu, ya ɗora zaren a kai.

"In bai zauna a hannunsa ba, awonki ne. Kar ki dawo min."

Ban yi masa godiya ba, shi ma bai jira ba.

Da na shigo gida an sauko daga masallaci. Kawu yana kan kujera a falo, Mudi a tabarma, Yaya Nana a bakin ƙofa. Akwai takarda fara da biro a kan tebur, an riga an ajiye. Na durƙusa na gaishe da Kawu, ya amsa a daƙile. Yaya Nana ta fara jawabi tun daga ranar da aka kawo ni, har da wata miya da na ƙona shekara tara da suka wuce. Na bar ta ta gama. Sannan na kwance buhun na ajiye gurmin a tsakiyar tabarma.

Ta yi dariya. "Wannan ai ko a kasuwa a saya don a rufe asiri. Kwana goma sha ɗaya ba su isa a nemo ƙwarya ba?"

Na ce, "Kawu, ga zaren da ake magana." Na shimfiɗa shi a jikin gurmin. Daga gindin ƙwarya zuwa kan sanda, ƙulli na farko ya faɗa daidai. Tsohon ya yi 'yan tsage biyu a sandar inda yatsu za su zauna, tsakaninsu kuma ƙulli na biyu ya faɗa daidai. Kawu ya sa tabarau ya sunkuyo ya duba.

Na juya na ce, "Baban Sharifa, miƙo hannunka."

Bai miƙo ba. Ya ja hannun baya ya dubi yayarsa. Ga zare, ga gurmi, ga Kawu yana gyaɗa kai, amma mijina tsorona yake ji. Na gani a idonsa, ba wanda ya gaya min. Duk abin da aka yi min a kwanakin nan, ture kwano da sakata da sunan mai zare, babu wanda ya yi min ciwo kamar wannan.

Kawu ya ce, "Mudi, karɓi abin nan."

Ya karɓa kamar zai cije shi. Ya ɗora ƙwaryar a cinya, sandar ta kwanta a hannunsa, yatsun suka sauka a kan tsagen ba tare da ya nema ba. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Ya taɓa ta biyu. Ya yi ta lalube, yana kuskure yana komawa, can sai ga wani tsohon taken amarya da yake yi a jita ya fara fitowa, a gurguje, a karkace, amma shi ne. Hawaye suka zubo masa bai share ba, don hannayen duka biyu suna aiki.

Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce Allah ya kiyaye gaba, kuma a daina saurin zargi. Yaya Nana ta tashi tana gyara ɗankwali.

"To ai da kin yi bayani tun farko."

Na ce, "Yaya, fita min daga ɗaki." Kawu ya yi kamar bai ji ba, ita kuma ta fita.

Da magariba ina madafa, sai ga shi a bakin ƙofa da gurmin a hannu. Ya daɗe a tsaye yana gyaran murya.

"Rakiya, ki yi haƙuri. Sharrin shaiɗan ne."

Na ce, "Shaiɗan bai san ni ba, Baban Sharifa. Kai ka san ni. Hannun nan wata uku ina wanke shi yana ruwa yana wari, yayarka ko kallonsa ba ta iya yi. Da ina son ranka, sai na jira ka warke sannan in nemo zare?"

Na zuba masa tuwo, ya zauna a nan bakin ƙofar madafa ya cinye tas, har da suɗe kwano, yana satar kallona ko zan yi murmushi. Na so in ji daɗi, Allah ya sani na so. Na duba zuciyata ban samu ba.

Auren yana nan. Wata biyar ke nan, ya fara zuwa biki, har daga Deido da Bepanda ana aiko masa, wai a zo a ga mai gurmi mai yatsu uku. Masu sayen masa sun dawo ɗaya bayan ɗaya, kowace da fuskarta kamar ba ita ba. Ina dafawa yana ci, muna hira, wani lokaci har da dariya. Ya cire sakatar falo da kansa ya jefar. Amma in ya kwanta barcin rana, ko wayata na manta a ɗakin, ina zama a waje har sai ya tashi.